Kofuna sun yi mana yawa a Zamfara da Kebbi, lig ne ba mu da shi

Da wuya ka shiga wata ƙaramar hukuma a Zamfara ko Kebbi a ce maka ba a taɓa sa kofin ƙwallo a cikinta ba. Akwai na gwamna, akwai na ciyaman, akwai na ɗan majalisa, akwai na hakimi, har da na attajirin da ya zo gida hutun salla. A buɗe da kiɗa, a raba riguna masu hoton mai kofi a ƙirji, a yi mako uku ko wata guda ana fafatawa, ranar ƙarshe manya su zauna a rumfa a miƙa kofi da ambulan. Kashegari in ka tambayi yaran da suka ɗaga kofin yaushe za su sake buga wasan da za a rubuta sakamakonsa a wani wuri, ba mai iya gaya maka. Sai dai su ce sai wani ya sake sa kofi, kuma kowa ya san an fi sa shi in zaɓe ya matso.

A ganina nan ciwon ƙwallonmu yake. Gwanaye muna da su, masu kallo kuwa ba a magana. Mutumin da aka zaɓa ya shugabanci Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya a Satumbar 2022, Alhaji Ibrahim Musa Gusau, ɗan Zamfara ne, kuma ya riƙe hukumar ƙwallon jihar kafin nan. Duk da haka Zamfara United ta daɗe rabonta da babban rukunin ƙasa, Kebbi United kuma a rukunan ƙasa-ƙasa ta yi rayuwarta tana neman hanyar hawa. Mai son gane dalili sai ya waiwayi yadda ƙwallo ta zama sana'a tun farko, domin waɗancan kulob ɗin da muke biyan kuɗi mu kalla a gidajen kallo, su ma da kofi suka fara, kuma kofin bai iya ciyar da su ba.

A 1863 aka kafa hukumar ƙwallon Ingila a Landan, aka daidaita dokokin wasa. A 1871 ta sa Kofin FA, wanda har yau shi ne gasar ƙwallo mafi tsufa da ake bugawa. Tsarinsa sili ɗaya ƙwale ne, an doke ka, ka tafi gida. Ƙungiyar Wanderers ce ta fara ɗauka a 1872. Masu bugawa a lokacin 'ya'yan masu hali ne, tsoffin ɗaliban manyan makarantu, waɗanda ke ganin abin kunya ne a ce an biya mutum don ya buga ƙwallo. Kofi ya ishe su, tunda ba da ƙwallon suke cin abinci ba.

Al'amarin ya juya ne da wasan ya shiga garuruwan masaƙu na arewacin Ingila, musamman yankin Lancashire. Ma'aikata sun samu hutun rabin yini ranar Asabar, ga ɗan albashi a aljihu, sai masu kulob suka kewaye filayensu suka sa ƙofa suna karɓar kuɗin shiga. Wanda ya biya kuɗi kuwa nasara yake so ya gani, don haka aka shiga ɗauko gwanaye daga Sikotland, a ba su aiki na jeka-na-yi-ka a masaƙa, a riƙa biyan su a ɓoye. A 1883 Blackburn Olympic, ƙungiyar 'yan ƙwadago, ta ƙwace kofin daga hannun 'ya'yan manya. Da hukuma ta ga hani ba ya hanuwa, sai ta halatta biyan 'yan wasa a 1885.

Halattawar ce ta fito da matsalar fili. Albashi kowane mako ake biyan sa, amma kofi yana iya ƙare maka a rana guda. In an fitar da kulob a zagayen farko, sauran shekarar sai wasannin sada zumunta, su kuma ba su da tabbas: ka buga takardun talla, ka tara jama'a, abokin karawa ya aiko ya ce ba zai zo ba don ya samu wani wasan da ya fi tsoka. A Maris na 1888 wani jami'in Aston Villa, William McGregor, ya rubuta wa wasu kulob wasiƙa ya ce a haɗu goma ko goma sha biyu, a ɗaure juna da alkawarin kowa zai buga da kowa sau biyu a kowace kaka, gida da waje, a ranakun da aka tsayar tun kafin a fara. Kulob 12 suka shiga, kowanne ya buga wasa 22, Preston North End ta gama ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta haɗa da Kofin FA a kakar. Lig na farko ke nan a tarihin ƙwallon ƙafa.

In ka cire masa ado, abin da McGregor ya kafa adashi ne. Yau ni zan bar garina in zo naka, jama'arka su biya kuɗin ƙofa ka amfana, wata rana kai ma dole ka zo nawa. Wanda ya ɗauka ya ƙi zubi ya karya kowa, shi ya sa hukuncin ƙin zuwa wasa yake da tsanani a kowane lig na ƙwarai. Da wannan alkawari ma'ajin kulob zai iya zama tun farkon kaka ya ƙirga wasannin gida goma sha ɗaya, ya ƙiyasta abin da zai shigo, ya san albashin da zai iya ɗauka. Ɗan wasa ya san zai yi aiki mako bayan mako. Mai kallo ya san inda zai kasance ranar Asabar da rana, har abin ya zame masa al'ada ya gadar wa ɗansa.

Akwai wani abu a cikin waɗannan kulob 12 da ba a cika kula da shi ba, kuma mu ya fi shafa. Shida daga Lancashire suke, shida daga tsakiyar Ingila, babu ko ɗaya daga Landan. Garuruwa ne na kurkusa da layin dogo ya haɗa, ana iya zuwa a buga a dawo ba a kashe ribar a hanya ba. Lig ɗin ya fara ne daidai ƙarfin aljihunsa, sai daga baya ya bazu. A 1892 aka ƙara rukuni na biyu, daga nan aka gina tsarin hawa da faɗuwa, wanda ya ba ƙaramin gari damar mafarkin kaiwa sama in ya yi ƙoƙari, ya kuma sa wasan na ƙarshen teburi ya zama abin kallo tamkar na saman.

Amurka ta bi wata hanyar. Tun daga babban lig ɗin wasan besbol na 1876 har zuwa na ƙwallon kwando, kujera saye ake yi, ba a hawa ba a faɗuwa, sai dai a ba wanda ya zo ƙarshe damar fara zaɓen sabbin matasa don a daidaita ƙarfi. Tsari ne mai kare jarin mai kulob. Da manyan kulob 12 na Turai suka so kwaikwayon wani abu irinsa a Afrilun 2021, magoya baya suka fito kan titi a Ingila, cikin kwana biyu shirin ya wargaje.

Sauran duk gini ne a kan wannan harsashi. Sifen ta kafa lig ɗinta a 1929, Jamus ba ta haɗa nata na ƙasa baki ɗaya ba sai 1963. Kofin Zakarun Turai da aka fara a 1955, wanda Real Madrid ta ɗauki biyar na farko a jere, a asali gasa ce ta waɗanda suka riga suka ci lig a gida, haka ma na zakarun Afirka da aka fara a 1964. Kuɗin talabijin da ya mayar da Firimiyar Ingila abin da take a yau ya zo ne a 1992, da yarjejeniyar kimanin fam miliyan 300 ta shekara biyar. Masu talabijin ba kofi suka saya ba. Sun sayi tabbacin cewa akwai wasanni ɗaruruwa da za a buga a kan lokaci daga Agusta zuwa Mayu, kuma wannan tabbacin shekara ɗari da huɗu aka yi ana gina shi.

Najeriya ma da kofi ta fara. A 1945 aka sa Kofin Gwamna a Legas, Marine ta fara ɗauka. Sunayen ƙungiyoyin lokacin kaɗai sun isa su gaya maka su wane ne masu su: Marine, Railways, 'yan sanda, ma'aikatar lantarki. Ƙungiyoyin ma'aikatu ne, ɗan wasa ma'aikaci ne da aka sassauta wa aiki don ya buga wa ofis. A 1953 Kano ta ɗauko kofin zuwa Arewa. Shi ne kofin da ya koma Kofin Ƙalubale, ya yi ta sauya suna har ya zama Kofin Tarayya na yanzu. Sai a 1972, bayan yaƙin basasa, aka fara lig na ƙasa, Mighty Jets ta Jos ta fara lashewa, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978. Shekarun nan ne ƙwallon gida ta yi ganiyarta, IICC ta Ibadan ta ci kofin Afirka a 1976, Rangers ta Inugu ta bi baya a 1977.

A shekarun 1980 'yan kasuwa sun shigo da ƙarfinsu: Leventis United, Abiola Babes, Iwuanyanwu Nationale, da Ranchers Bees ta Kaduna wadda ta kai wasan ƙarshe na wani kofin Afirka a 1988. Amma darajar naira ta karye bayan 1986, gwanaye suka fara tsallakawa Turai, wasu masu kulob suka gaji da zuba kuɗi ba dawowa suka janye. Don haka da aka ƙaddamar da lig na ƙwararru a 1990, shekarar da aka kafa Kano Pillars, sunan ya zama na ƙwararru, amma mai riƙe da akalar yawancin kulob gwamnatin jiha ce. Haka abin ya zauna har yau, in ban da 'yan kaɗan irin su Remo Stars, kulob ɗin ɗan kasuwa da ya lashe lig a 2025.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ta cire hannunta gaba ɗaya. Ba don kuɗin gwamnatin Abiya ba, da Enyimba ba ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004 ba, kuma Pillars da ta ci lig a 2008 ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014 ta gwamnatin Kano ce. Illar ita ce kulob ɗin da ke rayuwa da takardar amincewar gwamna, ba ya buƙatar mai kallo. In gwamna mai son ƙwallo ne a sha daɗi, in aka sauya gwamnati ko kuɗin wata ya yi ƙasa, 'yan wasa su yi watanni ba albashi, kuɗin sa hannu ya zama bashin da ba ranar biya. Ba wanda ya damu ya gyara ƙofar shiga, ya buga tikiti, ya sayar da riga, ya san adadin mutanen da suka zo, domin ba daga nan abinci ke fitowa ba. Pillars ta bambanta ne saboda Kano na da jama'ar da ke cika filin Sani Abacha ko da wace gwamnati ce a kai. Zamfara United ta buga da manyan ƙasar nan a filin tunawa da Sardauna da ke Gusau a shekarun 2000, mutanen gari sun ga Enyimba da Rangers da idonsu, amma da ta faɗo babu wani tsani a ƙarƙashinta da zai tallafe ta, babu ƙananan kulob na Kaura Namoda da Talata Mafara da Gummi masu buga lig duk mako suna turo mata yara.

Ga kuma nisa. Lig na ƙasa kulob 20 ne, wasa 38, sha tara a waje. Kulob daga Gusau ko Birnin Kebbi zai shiga mota ya je Fatakwal, ya je Uyo, ya je Aba, tafiyar da ke cin kwanaki da kuɗin mai da masauki, yaran su sauka ƙafafu a kumbure su shiga fili. Yanzu kuma hanyar kanta ta zama abin addu'a. Duk wanda ke bin titin Gusau zuwa Funtuwa ko yankin Zuru ya san ba a fita sai an duba lokaci. Rashin tsaro ya fi cutar da lig a kan kofi, domin kofi ana iya tara kowa a babban birni a gama cikin 'yan makonni, lig kuwa sai motoci sun yi ta zirga-zirga tsawon watanni.

Abu na ƙarshe da ke kashe lig shi ne rashin yarda da teburi. An daɗe ana kuka a Najeriya cewa mai gida ba ya faɗuwa, alƙalin wasa yana busa da tsoron yadda zai fita daga fili. A 2013, a wasannin neman hawa na ƙananan rukunai, an samu sakamakon 79 da nema da 67 da nema a rana guda, duniya ta yi ta yi da mu, aka hukunta ƙungiyoyin huɗu. In mai kallo ya san an gama wasa tun kafin a take ƙwallo, me zai kai shi fili? Sai ya kai kuɗinsa gidan kallo, ya zauna kan benci a zafin janareta yana kallon Arsenal, inda ya tabbata cewa ƙaramin kulob irin Leicester zai iya lashe lig kamar yadda ya yi a 2016. Ban ga laifinsa ba.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne biyan kuɗi don kallon wasa ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun kafin ƙwallo ta iso, in kaka ta yi 'yan dambe kan ratsa garuruwa, kuma ƙasar Zamfara da Kabi gidan dambe da kokawa ce. Gidan dambe na yau yana da ƙofa da mai karɓar kuɗi, akwai ɓangarori, Arewa da Kudu da Guramaɗa, kowanne da magoya bayansa na gani-kashe-ni, ga makaɗa, ga masu liƙi in an yi kisa. Ɗan damben da ya yi suna da hannunsa yake ci, ba ya jiran takardar kwamishina. Ta wannan fuskar dambe ya fi ƙwallonmu kusa da sana'a. Abin da ya rasa shi ne rubutu da jadawali: wa ya kashe wa, sau nawa, wa zai kara da wa a wata mai zuwa, wa zai kula da wanda ya ji ciwo.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da tsayayyen lokaci ke yi wa wasan gargajiya. Tun 1975 da aka fara a Tawa ake kokawar neman takobi, tana zagaya jihohin ƙasar, kowace jiha ta tace 'yan kokawarta ta turo, ƙasa ta tsaya cak tana saurare a rediyo da talabijin. Mutanen Kamba da Kangiwa ba sai an gaya musu wane ne Issaka Issaka na Doso ba. Mu kuma muna da bikin Argungu, wanda asalinsa ke komawa ga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, kuma ban da kamun kifi a Matan Fada akwai kokawa da dambe da tseren kwalekwale a cikinsa. Amma bikin ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a 2020. Ɗan kokawar da ya dogara da shi, ƙuruciyarsa ta wuce yana jira.

Don haka in ana maganar farfaɗo da ƙwallo a jihohin nan biyu, ni ba sayen kujera a Firimiyar Najeriya nake so in fara ji ba. Ina so in ji lig na shiyya, ƙarami, irin wanda McGregor ya fara da shi. Birnin Kebbi, Kalgo, Jega, Aliero, Gwandu da Argungu duk tafiyar zuwa-da-dawowa ce a yini guda. Gusau kaɗai tana da unguwannin da za su fitar da kulob goma, kafin a ƙara Bunguɗu da Kaura in hanya ta ba da dama. Kulob goma, gida da waje, wasa sha takwas ke nan ga kowanne, a tsayar da ranaku tun farko a manna, a biya alƙalan wasa daga asusun lig maimakon aljihun mai gida, a karɓi ko da ɗan abu kaɗan a ƙofa a rubuta shi, gidan rediyon jiha ya karanta teburi duk mako. Zakarun shiyyoyi su haɗu a babban birni, wanda ya yi nasara ya nemi shiga rukuni na uku na ƙasa. Masu kuɗin da ke son sunansu ya fito, a ba su sunan gasar na kaka guda da sharaɗin kuɗin ya tafi ga man mota da ƙwallaye da magani.

Akwai kuma kuɗin da muke asara ba mu sani ba saboda rashin wannan tsari. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga kulob na wata ƙasa zuwa na wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin shi ne a samu sunansa a rajista, a ga wace shekara ya buga wa wa. Yaron da ya tashi a Jega ko Tsafe yana buga kofin wane da kofin wane, ba lasisi ba kati, in Allah ya ɗaga shi wata makarantar ƙwallo a Kaduna ko Abuja ta ɗauke shi, ita ce za ta fara rubuta sunansa, ita ce kuma za ta karɓi rabon in an sayar da shi waje. Kocin da ya yi shekaru yana saya masa takalmi daga aljihunsa ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna. Rajistar nan aikin hukumomin ƙwallon jiha ne a Gusau da Birnin Kebbi, kuma ba a iya yin ta sai ga kulob ɗin da ke nan bana, yake nan baɗi, da suna ɗaya da jerin 'yan wasan da aka sani.